Faɗuwar Yaya Dije

Shekarar da aka sa wa masallacin garinmu rufin kwano, ranar wata Laraba a tsakiyar damina, Baba ya kira gayya a gonarsa ta bakin fadama. Gero ya kai gwiwa, ciyawa ta taso masa gaba da baya, samarin gari kuwa suka fito tun hantsi bai ɗaga ba, kowa da garmarsa a kafaɗa, makaɗi na biye da su da gangar noma. Ni a lokacin 'yar aike ce kawai, haƙoran gabana ma ba su gama fitowa ba. Da rana ta take muka fito daga gida da fura, yayata Dije a gaba da babbar ƙwarya a kan gammo, ni a baya riƙe da ludayi da faifai. Furar nan da hannunta ta daka ta, ta cika mata citta da kanumfari fiye da yadda Inna ke sawa, kuma duk gidanmu an san don wa aka cika. Ta sauke a gindin ɗorawa inda Baba ke zaune, ta dama, samari suka riƙa zuwa suna sha. Can sai ga Tanko, ɗan gidan masaƙa, wanda ya tsere wa kowa a noman ranar, zufa na zuba daga gemunsa da bai gama tsirowa ba. Dije ta cika ludayi ta miƙa masa, kanta a sunkuye. Ya dubi ludayin, ya dubi ƙasa, ya ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake." Ya juya ya tafi. Ba a jima ba aka hango shi can ƙarshen gona, bayan wata sabara, yana shan kunun wata yarinya mai suna Hanne kamar wanda ya kwana uku bai ci ba. Dije ta mayar da furar cikin ƙwarya a hankali, ta rufe da faifai, muka kama hanyar gida.

Abin da ya tono mini wannan rana kuwa, talabijin ne. Yanzu a Dubai nake zaune, wajen ɗana na fari, wanda ba zan faɗi sunansa ba ko da a takarda ne. Ya ɗauko ni a duba mini gwiwa, aka duba, sai zama ya miƙe. Gidanmu can saman bene yake, in na leƙa taga motoci nake gani kamar kiyashi, ba kaza, ba akuya, ba ƙarar turmi. Waje zafi kamar bakin murhu, ciki kuma sanyin na'ura har sai na ja mayafi. Ba tsakar gida sai falo, falon kuwa ba shi da abin kallo sai wannan allo da aka manna a bango. In surukata ba ta ɗauke ni zuwa kasuwar Naif duba atamfa ba, a gabansa nake yini tare da jikata Husna, wadda ita ce ke rubuta abin da nake faɗa, don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba.

Husna mayyar fim ɗin soyayya ce. A dalilinta na kalli na Turawa, na kalli na Turkiyya, na kalli namu na gida, kuma na ga duk rijiya ɗaya suke ɗiba. Yarinya za ta baro birni ta koma garinsu, ta yi karo da wani a bakin shago, kayanta su zube, su fara da faɗa. In an jima sai ta zame a kan matakala, sai ga shi kamar daga ƙasa ya tsiro, ya tare ta. Sai komai ya tsaya cak, kiɗa ya tashi, su yi ta kallon juna har in kai ƙarshen carbina in sake komowa. Ba na cewa 'yan wasan ba su iya ba. Sun iya kuka, sun iya tafiya, tufafinsu kuma ko tabon manja babu. Abin da ke damuna shi ne ba wanda ke tsoron rasa komai, kai mai kallo ma ba ka tsorata musu, tun kafin su gaisa ka san inda za su kwana. Ga kuma yawan faɗi. Kalmar so a bakinsu kamar ruwan famfo, a buɗe da safe, a buɗe da yamma, har ta daina jiƙa mutum.

In na fara irin wannan magana Husna takan ce, "Kaka, ya isa haka, don Allah ki bari mu ji!" Amma wadda ta fi ba ni amsa ita ce Maman Rabi, maƙwabciyarmu 'yar Zangon Kumasi, mai girki a wani otal. Ranar hutunta takan hawo da kwanon shinkafa da wake, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura saboda tsayuwa. Wata rana ta ce mini, "Hajiya, ni mako guda ina bakin wuta, maigidana yana can gida, yarana suna can gida. In na zauna, ki bar ni in ga wadda aka tare." Gaskiya kuwa ta faɗa. Wanda ya gaji yana da hakkin kallon abin da zai ƙare lafiya. Sai dai ni na taɓa ganin wadda ba a tare ba, shi ya sa idona ya ƙi gamsuwa.

To, mu koma gida. Bayan gayyar nan magana ta riga mu zuwa bakin rijiya. In Dije ta zo da tulu sai 'yan mata su fara, wannan ta ce, "Dije, yau wa za a dama wa?" waccan ta ce, "A rage citta dai, wasu kunu suka fi so." Ita kuwa Dije doguwa ce, mai zuciya, ba ta iya haɗiye raini. Rannan ta dire tulun har ya kusa fashewa, ta ce a gaban kowa, "In kuka ƙara ganin na dubi inda yake, ku sake mini suna." Ta kuwa riƙe. In Tanko ya biyo ta ƙofar gidanmu sai ta juya baya, in ya aiko ƙanwarsa da goriba ko rake sai ta ce a kai wa Hanne. Fushinta duk a turmi yake ƙarewa. Ni da nake zama kusa ina tsince tsaba, nakan ji ƙasa na motsi in ta sauke taɓarya.

Haka damina ta wuce mu. Da asuba mu share tsakar gida, mu ba kaji dusa, in kora awaki bakin fadama, in dawo da ɗaurin ciyawa da ya fi ni girma. Da rana mu 'yan ƙanana a tura mu korar tsuntsu, mu hau rumfar kara muna kaɗa gwangwani har murya ta dushe. In mun sami sarari mu yi carafke da tsakuwa a gindin rumbu, ko mu yi wa 'yar tsana ta ƙashi kitso da zaren da muka sato a kwandon Iya, kakarmu. Kwanci tashi gero ya nuna, aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, rumbuna suka cika har aka yi tari a waje. Sai labari ya zo cewa kawun Tanko, bafataken goro, zai tafi da shi Kurmi da zarar an gama kalankuwa. A wancan zamani wanda ya bi fatake Kurmi ba a sa ranar dawowarsa. Wasu sukan yi aure can, sai dai a ji labarin 'ya'yansu. Shi Tanko ya gaya wa abokansa ba abin da ya riƙe shi a gari. Dije ta ji, ta ci gaba da shiƙarta kamar ba da ita ake ba, amma na ga ƙaiƙayi yana komawa cikin tsabar, ba ta lura ba.

Kalankuwa ita ce bikin samari da 'yan mata bayan girbi, kuma ita ce talabijin ɗinmu. Akan share dandali, a kafa rumfuna, ƙauyuka su taru. Da safe samari su yi wasan kwaikwayo. Wani ya kifa ƙwarya a kai ya zama Bature, wani ya manna auduga a haɓa ya zama alƙali, wani ya feƙe kara ya ce allura ce, yana bin tsofaffi suna gudu suna zaginsa. Akwai kuma wasan waƙa na manomi da budurwarsa, wanda ake yi kowace shekara, kowa ya haddace shi, amma ba a gajiya. Budurwar ma namiji ne ke ɗaura zane ya matse murya, don ba 'yar mutunci da za ta tsaya gaban jama'a ta ce tana son wani, ko da wasa. In ya fara yanga mata su yi ta guɗa, tsofaffi na gyara masa baiti daga inda suke zaune, yara na kutsawa tsakanin ƙafafun 'yan wasan. Ba a san inda wasa ya ƙare 'yan kallo suka fara ba.

Bayan la'asar ne ake yin abin da kowa ya zo dominsa, wato gaɗar 'yan mata. Gaɗa kullum ana yi, amma ta kalankuwa daban ce, da rana tsaka ake yin ta don kowa ya shaida. Akan zagaye fili da toka, namiji ba ya tsallake wannan toka ko wane ne shi. 'Yan mata su yi da'ira suna tafi, zabiya na ba da waƙa ana amsawa, budurwa ta shiga tsakiya ta taka. A al'adar garinmu, in akwai mai son ta, zabiya za ta saka sunansa cikin waƙar. In ba ta so, sai ta ci gaba da rawarta ta fice ta gefe, shi ke nan, ba wanda ya ji kunya. In kuwa tana so, sai ta saki jiki ta faɗi da baya, ba waiwaye, ƙawayenta da ke tsaye a bayanta su tare ta su cilla ta sama. Wannan faɗuwa ita ce amsarta, gari duka ya ji, ba tare da ta buɗe baki ba. Masu tarewa kuwa doka ɗaya ce a kansu: da an ambaci suna, su bar tafi, su buɗe hannu.

A shekarar ne aka fara barina in tsaya a sahun masu tarewa, don kawai ni ƙanwarta ce. Inna ta sa mini lalle da tozali, ta riƙe kunnena ta ce, "In kin tsaya bayan 'yar'uwarki, tafi ba naki ba ne." Na ɗauki maganar da nauyi kamar an ba ni ajiyar gari.

Aka yi ta shiga ana fita. Wasu suka faɗi aka cilla su, wasu suka fice suna dariya. Sai Dije ta shiga, da zanen saƙi baƙi da sabon kitso, jigida na amsa tafi. Abokan Tanko ashe sun roƙi Lantana zabiya ta gwada masa sau ɗaya kafin ya tafi. Lantana ta ja waƙa, ta ja, sai ta jefa sunansa. Ƙawayen Dije, manyan 'yan mata da suka san komai, waɗanda suka ji rantsuwarta da kunnensu a bakin rijiya, ko ɗaya ba ta bar tafi ba. Wasu ma har sun matsa gefe sun buɗe mata hanyar fita. Dije ta tsaya cik. Ta rufe ido. Sai na ga bayanta yana tahowa kaina kamar an sare itace.

Hannuna a buɗe suke, amma hannun 'yar da ba ta gama famfara ba me zai tare? Da ta ji ƙananan yatsu a bayanta sai ta gane ni kaɗai ce, ta murɗa jikinta a iska don kada ta danne ni, ta dafa ƙasa da hannun hagu. Na ji ƙara kamar an karya kara busasshe. Tafi ya mutu. Dandalin nan mai cike da mutane ya yi tsit har ana jin kukan akuya daga cikin gari. Abin da ta fara faɗa, fuskarta a ƙasa, shi ne, "Auta, ban danne ki ba?"

Tanko ya rugo da gudu yana ture mutane, har ya iso bakin toka. A nan ya tsaya. Yatsun ƙafarsa na taɓa tokar, ya cire hularsa yana murɗa ta, hawaye na bin fuskarsa a gaban dattawa da yara, amma bai tsallake ba. Da ya tsallaka ya taɓa ta a gaban jama'a, da ya ɓata mata suna har abada, kuma ya sani. Sai mahaifiyarsa, wata tsohuwa mai sayar da ƙuli, ta ajiye farantinta a ƙasa, ta ratsa 'yan mata, ta zauna ta ɗora kan Dije a cinyarta. Ta kwance ɗankwalinta a gaban kowa ta ɗaure hannun, ta ce, "Sannu, 'yata." Duk wanda ke wurin ya san gidan masaƙa sun ba da tasu amsar.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Ashe da safiyar ranar kalankuwar, Iya tana yi mata kitso, ta dungure mata kai ta ce, "Sakarya. Saurayin da ya kasa haɗiye fura a gaban ubanki, me ya ɗauki uban naki?" Wato tun ranar gayya Tanko ya riga ya ɗauki Baba suruki a zuciyarsa, namiji kuwa ba ya ci ba ya sha a gaban surukinsa. Yunwa ce ta kora shi bayan sabara, inda idon Baba ba ya kaiwa, kunun ko na wace ce zai sha. Da yake bai aiko kowa neman aure ba tukuna, ba wadda ta kawo wannan a ranta sai tsohuwa. Ita kuma Dije kunyar rantsuwarta ta hana ta gaya wa ƙawayenta ta sake shawara.

Maɗori ya ɗaure hannun da kara da tsumma, ya warke, amma a karkace. Daga nan ba ta ƙara jan guga da kyau ba. Fatake suka tafi Kurmi ba Tanko, aka yi aurensu bayan girbi na gaba. Tun daga ranar har ƙarfinsa ya ƙare, shi ke zuwa rijiya ya cika mata randuna kafin ya hau saƙa. Maza suka yi masa dariya har suka gaji, yara suka sa masa suna Mai Guga, bai taɓa tanka wa kowa ba. Na zauna a gidansu, na yi musu reno, ban taɓa jin ya kira sunanta ba, ita ma ba ta taɓa kiran nasa ba. Ya rasu shekarun baya. Ita tana nan a gida wajen jikokinta, kunne ya yi nauyi.

Kwanan baya Husna ta ƙwala mini kira daga falo, "Kaka, yalla, zo ki ga naku!" Wasu matasa ne a can gida suka farfaɗo da wasan kalankuwa a kan dandamali cikin wani babban zaure, aka ɗauka a fim. Zan faɗi gaskiya, da gangar ta tashi sai da tsigar jikina ta tashi, na kasa zama daidai. Allah Ya saka wa yaran nan, sun nemi tsofaffi sun tambaya, akwai amshin da na ɗauka ya bi iyayenmu kabari, sai ga shi a bakin 'yar da ba ta kai Husna ba. Wannan ya fi mini duk finafinan soyayyar da na kalla, nesa ba kusa ba. Amma 'yan kallo suna zaune cikin duhu a jere, shiru kamar gidan makoki, ba mai gyara baiti, ba yaro a tsakanin ƙafafu, sai an gama su tafa gaba ɗaya kamar an ba su umarni. Mai ɗaukar hoton kuma fuska kawai yake bi, bai san a gaɗa ƙafa ake kallo da hannun waɗanda ke baya ba. Da aka zo faɗuwa, yarinyar ta faɗi tsaf, aka tare ta tsaf, aka cilla ta. Husna ta ce kai, ta danna abin hannunta, yarinyar ta koma ta sake faɗuwa, aka sake tare ta daidai inda aka tare ta ɗazu.

Na ce a kira mini Yaya Dije ta gani. Jikanta ya riƙe mata waya a can, Husna ta juya tamu ta fuskanci allon. Ina hango ta zaune a kan tabarma a bakin ɗaki, kaji na wucewa ta bayanta, ta kawo fuskarta kusa har ba a ganin komai sai ido. Ta kalla har ƙarshe, tana gyaɗa kai.

Ta ce, "Sun iya tafi, tubarkalla. Auta, ni kunnena ba ya ji. Sunan wa aka ambata mata?"

Na ɗaga murya na ce, "Ba kowa, Yaya. Wasa ne."

Ta sake duban allon. Can ta ce, "To don me ta faɗi?"

A da sau ɗaya ake yi, a kan ƙasa mai tauri, a gaban mutanen da za ka rayu da su har mutuwa. Yanzu an adana mana shi da kyau, ba zai ɓata ba, ba kuma zai karya kowa ba, kuma na san ya kamata in gode. Na dubi allon, na dubi Husna da ke jiran in amsa.